Katsina zuwa Abuja awa ɗaya ce a jirgi, amma ga mutumin Ketare tafiyar wuni ce

Duk wanda ya ɗauki wayarsa ya bincika nisan da ke tsakanin Katsina da Abuja ta sama, amsa ɗaya zai samu: kimanin kilomita 450, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan.

Lissafin daidai ne. Sai dai lissafi ne na filin jirgi zuwa filin jirgi, alhali babu wanda ɗakinsa yake bakin titin da jirgi ke tashi.

Idan aka shimfiɗa taswira aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, layin zai bi ne ta yankin Ƙanƙara da Malumfashi.

Wato mutumin Ketare, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, idan yana son zuwa Abuja ta jirgi, sai ya fara ba Abuja baya. Zai nausa arewa zuwa Katsina, ya hau jirgi, jirgin ya sake dawo da shi kudu ta kusa da inda ya baro da safe.

Haka abin yake ga mutanen Faskari da Sabuwa, waɗanda suka ma fi shi nisa da babban birnin jihar.

A wannan yanki, tambayar "awa nawa ce a jirgi?" ba ta wadatar ba. Abin da ke ƙayyade tsawon tafiya shi ne hanyar da ke kai mutum filin jirgin, da ko hanyar na biyuwa, da kuma abin da ke aljihunsa.

Yadda ake lissafin lokacin tafiyar jirgi

Jiragen da ke jigilar fasinja a cikin Najeriya, irin su Boeing 737 da Embraer, suna gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan sun daidaita a sama.

Da a ce da wannan gudun jirgi ke tashi kuma da shi yake sauka, da Katsina zuwa Abuja ba za ta wuce minti 35 ba.

Amma lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti yana somawa ne daga sa'ad da jirgin ya motsa daga inda aka ajiye shi, ya ƙare a sa'ad da ya tsaya cik a ɗaya filin.

A cikin wannan lokaci akwai tafiyar ƙasa zuwa titin tashi, da jiran izini daga masu ba jirage hannu, da hawa sama, da gangarowa, da kewayen da jirgi kan yi kafin ya fuskanci titin sauka.

A gajeriyar tafiya, hawa da gangarowa ne ke cinye yawancin lokacin. Jirgi na kai ƙololuwar da aka ba shi, ba a jimawa zai fara sassautowa.

Shi ya sa Kano zuwa Abuja, mai kimanin kilomita 365, ita ma awa ɗaya ake ware mata. Kano zuwa Legas kuwa ta haura kilomita 800, ninki biyu da ɗoriya, amma awa ɗaya da rabi ce kawai.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, jirgi a doguwar tafiya yake nuna bajintarsa. Idan nisan bai kai kilomita 500 ba, ribar lokacin da yake bayarwa ba ta da yawa, kuma hanyar zuwa filin jirgi kaɗai na iya lashe ta.

Daga ƙofar gida zuwa inda za a je

A ɗauki misalin ɗan fansho ko ɗan kasuwa daga Ketare da aka ce ya bayyana a wani ofishi a Abuja.

Daga yankin Ƙanƙara zuwa birnin Katsina ta Dutsinma tafiyar sama da kilomita 120 ce. A motar haya, idan aka haɗa da jiran lodi a tasha da tsayawa a shingayen jami'an tsaro, da wuya a yi ta ƙasa da awa biyu da rabi.

Ana so fasinja ya isa filin jirgi aƙalla awa ɗaya kafin tashi. Sai awa ɗaya a sama, sai kusan rabin awa na sauka da jiran kaya.

Filin jirgin Abuja kuma yana da tazarar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birnin, abin da ke nufin wata tafiyar ta minti 40 zuwa awa ɗaya.

Idan aka tara, awa shida ke nan ko kusa da haka, kuma wannan idan komai ya tafi daidai ne.

To ta mota fa? Daga yankin Ƙanƙara a bi ta Funtuwa, a shiga Zariya, a wuce Kaduna zuwa Abuja, kilomita 400 ne da ɗoriya. Ranar da hanya ta yi kyau, awa shida zuwa bakwai ta isa. Ranar da manyan motoci suka toshe ta, Allah kaɗai ya san lokacin isa.

Ke nan tsakanin jirgi da mota, ga mutumin wannan yanki, bambancin lokacin bai taka kara ya karya ba. Wanda yake zaune a unguwar Kofar Ƙaura cikin Katsina shi ne jirgi ke rage wa rabin wuni.

Akwai kuma zaɓin Kano, ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi na Katsina yawan jirage nesa ba kusa ba, don haka mai son zuwa Legas ko ƙasashen waje can ya fi nufa. Sai dai ita ma tafiyar mota ce ta awanni kafin a kai ga jirgin.

Ƙarancin jirage a Katsina na da nasa tasirin. Idan jirgin safe ne, matafiyi daga Faskari ko Sabuwa ba zai kama hanya cikin duhun asuba ba, sai ya kwana a Katsina. Tafiyar awa ɗaya ta koma ta kwana biyu.

Sannan ga jinkiri. Alƙaluman hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sun nuna cewa kusan rabin jiragen cikin gida da suka tashi a 2024 ba su tashi a kan lokaci ba.

A arewa akwai ƙarin dalili daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu: hazon hunturu. Idan ƙura ta rufe sararin sama har matuƙi ba ya iya hango titin sauka daga nisan da doka ta tanada, dole jirgi ya jira, ko ya juya, ko a soke tafiyar.

Ba wasa ake yi da wannan doka ba. A ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. Har yau yana cikin mafi munin haɗurran jirgin sama a tarihin ƙasar.

Dokokin NCAA sun ba fasinjan cikin gida wasu haƙƙoƙi: abin taɓawa idan jinkiri ya kai awa biyu, damar karɓar kuɗinsa idan ya wuce awa uku, da masauki idan dare ya raba bai tashi ba. Amma babu dokar da za ta maido wa mutum ranar ganin likita ko ta jarrabawar ɗaukar aiki da ta wuce shi.

Sa'ad da rashin tsaro ya ƙara wa hanya tsawo

Duk wannan lissafi an yi shi ne bisa zaton hanya a buɗe take. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun fi kowa sanin ba kullum take haka ba.

Ƙananan hukumomin uku, waɗanda ke da ɗan majalisar wakilai ɗaya, suna cikin waɗanda suka fi shan wahalar 'yan bindiga a jihar, saboda dazukan da suka haɗa su da Zamfara da Birnin Gwari.

A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma bayan kwana shida gwamnati ta sanar da sako 344.

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnan lokacin Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar taƙaita matsalar tsaro. Cikin matakan har da rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ga dukkan motoci, da hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, inda aka umarce su su zagaya ta Funtuwa.

Ba a matsar da gari ko ɗaya daga wurinsa ba, amma da sa hannu guda nisan da ke tsakanin garuruwa ya ƙaru.

A watan Satumbar shekarar kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na tsawon watanni, wanda ke waɗannan wurare ba ya iya sayen tikiti ta waya, balle ya san ko an ɗage lokacin tashin jirginsa.

Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. A yankin, karin maganar ta zama jadawalin direbobi: a tashi bayan rana ta fito, a sauka kafin ta faɗi, a zagaya idan an ji ƙishin-ƙishin.

Awannin da ake iya tafiya a cikinsu sun ragu, kuma wannan shi kansa ƙarin nisa ne.

Can gaba ma ba a tsira ba. Garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna ce ta kori masu hali zuwa jirgin ƙasan da aka buɗe a watan Yulin 2016, mai tafiyar kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa.

A ranar 26 ga Maris ɗin 2022 'yan bindiga suka kutsa harabar filin jirgin saman Kaduna suka kashe mai gadi. Kwana biyu bayan haka suka dasa wa jirgin ƙasan bam, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka tafi da sama da 60.

Sai a watan Oktoba aka sako rukunin ƙarshe na fasinjojin, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba.

A waɗannan watanni an ga abin da ke faruwa idan ƙasa ta gagari matafiya: kowa ya ɗaga kai sama, kujeru su yi ƙaranci, tikiti ya yi tsada.

Tun daga lokacin an ɗauki matakai. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoban 2023. A 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da na wannan yanki.

Ra'ayoyi sun rabu a kan sulhun. Masu goyon baya na nuna kasuwannin da suka sake ci da gonakin da aka koma. Masu suka na tuna cewa an yi irinsa a 2016 da 2019 ya wargaje, kuma ba a ajiye makamai ba.

Ko wane ɓangare mutum yake, akwai ma'auni ɗaya da ba ya ƙarya: ƙarfe nawa direban haya ke yarda ya ɗauki fasinja daga Ƙanƙara zuwa Dutsinma, kuma nawa yake caji.

Nisan da ake aunawa da naira

Ko da hanyar zuwa filin jirgi ta yi lafiya, akwai shingen da ya fi na sojoji wuyar wucewa.

A watan Fabrairun 2022 kamfanonin jiragen cikin gida suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Daga 2024 zuwa yau, tikitin zuwa kawai ya kan haura naira 100,000, kuma a lokutan bukukuwa ya kan ninka.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka amince da shi a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Ke nan albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci bai isa ya kai shi Abuja ta sama ba, balle ya dawo da shi.

Dalilan tsadar a fili suke. Man jirgi, wanda ake sayen litarsa ƙasa da naira 300 a 2021, ya haura naira 1,000 bayan 'yan shekaru.

Kuɗin hayar jirage da kayan gyara da inshora da horar da matuƙa duk da dala ake biyan su, alhali da naira ake sayar da tikiti. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin ya hauhawa.

Gajeriyar tafiya kuma ta fi tsada idan aka raba kuɗin da kilomita. Jirgi ya fi shan mai wajen tashi da hawa, kuma kuɗin sauka da na sauran hidimomin fili ba sa raguwa don tafiyar gajera ce.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota shi ma. Duk da haka kujerar motar haya daga Funtuwa zuwa Abuja ba ta kama ƙafar tikitin jirgi ba.

Saboda haka manomin masara a Sabuwa, da malamar firamare a Faskari, da majinyacin da aka tura asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano, duk a ƙasa suke tafiya. Awa ɗayar da ake magana ba tasu ba ce.

Ga inda matsalar take zama ta siyasa. Waɗanda ke yanke shawara kan gyaran hanya da tsaronta galibi su ne masu hawa jirgi. Wanda ke tsallake ramuka da shingaye daga nisan dubban ƙafa a sama, ba lallai ne zafin hanyar ya dame shi kamar wanda ke cikinta ba.

An ga misalin haka a 2017. Da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris domin gyaran titinsa, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna.

Nan da nan aka yi wa hanyar Abuja zuwa Kaduna kwaskwarima, aka jibge jami'an tsaro, aka samar da motocin safa kyauta da rakiya. Da fasinjojin jirgi suka buƙaci hanyar, an iya tsare ta.

Makka ta matso, Katsina ta yi nisa

Akwai tafiya ɗaya da jirgi ya sauya wa talakan yankin gaba ɗaya, wato aikin Hajji.

Daga Katsina zuwa Jidda kimanin kilomita 3,500 ne a miƙe. Kakannin mutanen yankin a ƙasa suke yin ta, ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don samun guzuri.

Wasu kan shekara da shekaru kafin su dawo, wasu ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya tashi zuwa Hajji a 1921, ta jirgin ruwa ya bi, har ya ratsa ta Ingila.

Shekara huɗu bayan haka, a ranar 1 ga Nuwambar 1925, jiragen sojan saman Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a Najeriya.

Yau maniyyaci na tashi daga Katsina ya sauka a Saudiyya cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar idan an bi miƙaƙƙiyar hanya. Nisan ya ninka na Abuja kusan sau takwas, amma lokacin bai wuce ninki biyar ba.

Sai dai ko a sama, siyasa da yaƙi na iya lanƙwasa hanya.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye. Tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta amince da ƙarin dala 250 a kan kuɗin jirgin kowane maniyyaci.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Nijar su ma sun rufe sararin samaniyarsu daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka riƙa kewayawa, lokaci da mai suka ƙaru.

Abin da ya faru da jirage a kan Sudan shi ne abin da ya faru da motocin haya a hanyar Sheme. Bambancin kawai, na sama ya shiga labaran duniya.

Cikin shekara ɗari an mayar da tafiyar shekaru ta koma ta awa biyar. Amma maniyyacin da ke Faskari ko Ketare, sau da yawa ba awa biyar ɗin sama ce ke hana iyalinsa barci ba, awa ukun da zai yi a mota zuwa sansanin alhazai ce.

Filin jirgi ko hanya?

Duk lokacin da aka zo maganar nisa, amsar da gwamnatocin jihohi suka fi so ita ce sabon filin jirgi.

Jigawa ta gina a Dutse, Kebbi ta gina a Birnin Kebbi, Bauchi da Gombe da Yobe da Nasarawa duk sun gina. Zamfara ta ƙaddamar da aikin nata a Gusau a 2024.

Masu kare irin waɗannan ayyuka na da hujja. Filin jirgi na sauƙaƙa jigilar alhazai, yana ba masu zuba jari ƙwarin gwiwar zuwa, kuma sojoji na amfani da shi wajen yaƙi da 'yan bindiga. Ga jihar da hanyoyinta ke cikin hatsari kamar Zamfara, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a 2024 shugabar hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, Olubunmi Kuku, ta ce uku ne kawai daga cikin filaye 22 da hukumar ke gudanarwa suke kawo riba. Sauran ana ɗauke da su ne.

Shiyyar Funtuwa, mai ƙananan hukumomi 11, tana kewaye da filayen jirgi: Katsina a arewa, Kano a gabas, Kaduna a kudu. A Zariya ma akwai filin kwalejin horar da matuƙa jirgin sama da aka kafa a 1964, ko da yake ba na jigilar fasinja ta yau da kullum ba ne.

Ba filin jirgi yankin ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne tabbacin isa waɗanda ake da su cikin lokaci kuma lami lafiya.

Ayyukan da za su rage wa mutumin Ketare tafiya a ƙasa suke, kuma yawancinsu an daɗe da fara su.

Na farko shi ne titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano mai kilomita 375, wanda aka ba da kwangilarsa a watan Disambar 2017. An ci ƙarfin ɓangaren Kaduna zuwa Kano, amma na Abuja zuwa Kaduna ya yi ta jan ƙafa har gwamnatin tarayya ta soke kwangilar a ƙarshen 2024 ta sake bayar da ita.

Na biyu shi ne layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yulin 2021 kuma zai bi ta Zariya. Ranar da ya fara aiki, mutumin kudancin Katsina zai iya hawa jirgin ƙasa a Zariya ya sauka Abuja, da kuɗin da bai kai na tikitin sama ba.

Layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da aka fara a watan Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi. Arewacin jihar zai amfana, amma bai taɓo kudanci ba.

Kudanci na da nasa tsohon layin, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya riƙa kwasar auduga da gyaɗar yankin. An buɗe tashar tsandauri a Funtuwa a watan Mayun 2024, kuma amfaninta na rataye ne da farfaɗo da wannan layi.

Na uku, kuma mafi kusa da gida, su ne hanyoyin cikin jiha: Ƙanƙara zuwa Dutsinma, Ƙanƙara zuwa Sheme, da waɗanda suka haɗa Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa. Su ne farkon kowace tafiya da ƙarshenta, ko Abuja za a je ko Madina.

Akwai kuma hanyar rage nisa da ba ta buƙatar kwalta ko jirgi, wato a rage dalilan tafiyar. Duk aikin tantance 'yan fansho ko gwajin asibiti ko gyaran takardu da aka kawo Funtuwa ko Malumfashi, ya ɗauke wa dubban mutane tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su sauka a filin jirgin Katsina, su shiga ayarin motoci da rakiyar jami'an tsaro zuwa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Sun san awa nawa ce daga Abuja zuwa Katsina, domin sun sha yin ta. Tambayar da ta kamaci masu zaɓe su yi musu ita ce, idan naƙuda ta gagara a Ketare da ƙarfe tara na dare, awa nawa ce zuwa babban asibiti, kuma wane direba ne zai yarda ya fita?